Ciki Da Goyo A Kurmi: Aikin Da Ya Faɗo Kan Maigida

A garuruwan Arewa, in mace ta sami ciki, maigida yakan zama kusan na ƙarshe da za a yi zancen da shi. Uwarta ta sani, uwar miji ta lura, kishiya ko facala ta gane tun ranar da ta fara ƙin warin daddawa, amma shi gogan sai ya yi kamar bai ga kome ba, ita kuma ta yi kamar ba ta san ya gani ba. Wannan ita ce kunya, kuma ba wanda zai ce ba ta da kyau a inda ta dace. To, amma ɗan Arewa da ya ɗauko iyalinsa ya kawo Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Anaca da Fatakwal, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa: matan nan da suke ɗauke wa namiji wannan nauyi a gida, wa ya maye gurbinsu a nan?

A gida dai abin a tsare yake tun kaka da kakanni. In cikin fari ne, da ya kai wata bakwai sai a mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, ba za ta dawo ba sai ta yi arba'in, wata ma har ta zarce. In naƙuda ta tashi akwai ungozoma a unguwa, akwai tsohuwar da za ta yi wa mai jego wanka safe da yamma da ganyen runhu ko na darbejiya, akwai mai dama kunu, akwai mai wanke tsummokara, akwai yarinyar da za ta riƙe jariri in uwar ta shiga bayan gida. Shi maigida nasa a waje yake. Ya tara itacen wanka tun ciki yana ƙarami, ya sayo kanwa da gero da kayan yaji, ya yi wa jariri huɗuba a kunne, ya kawo ƙauri, ya raba goro, ya nemo rago da kayan fitar suna, ya sallami ungozoma da wanzami. Wanda ya yi waɗannan ya fita kunya, ba wanda zai ce ya gaza. Watau ba rashin kula ne ya sa namiji yake tsayawa a zaure ba, aiki ne aka raba, hannuwa kuwa suna da yawa.

A Kurmi wannan rabo ya warware. Mafi yawan masu iyali a ɗaki ɗaya suke, a gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, maƙwabcin dama Bayarabe, na hagu Ibo, kowa da sabgar gabansa. Uwar matar tana Kano ko Sakkwato ko Katsina, tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko kusa da haka. Tsofaffin unguwannin Hausawa, irin su Sabo ta Badun wadda aka kafa tun 1916, su da sauƙi, don akwai zuriyar da ta yi kaka da jika a wurin. Amma saurayin da ya yi aure bara, ya kawo amarya wani lungu a Ajegunle ko Ketu, ba shi da kowa sai ita, ita ma ba ta da kowa sai shi. In ya ce zai tsaya a kan itace da rago kawai kamar yadda ubansa ya yi, to sauran aikin ba mai yinsa ke nan.

Waɗansu sukan warware matsalar ta hanyar mai da matar gida. Wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi, amma da sharaɗi biyu. Na farko a yi tafiyar da wuri, ba a bari sai ciki ya tsufa a cusa mace a bayan babbar mota ta kwana ta wuni a hanyar Lakwaja ko ta Jebba ba. Na biyu maigida ya san cewa a garin da za ta akwai asibitin da ake haihuwa, kuma ya bar magana a fili cewa can za a kai ta. Ba dabara ba ce a ɗauke mace daga inda asibiti yake bayan gida, a kai ta ƙauyen da sai an yi tafiyar awa uku a kan babur kafin a ga ma'aikaciyar jinya.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Maganar ba ta wasa ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025, an ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya, kuma in aka raba shi bisa kwanaki, ya haura mata 200 kowace rana ta Allah. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 kuwa ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100 a ƙasar nan, 39 ne kaɗai aka yi a asibiti. A Arewa maso Yamma wajen 16 ne, alhali a Kudu maso Gabas sun haura 80. Ɗan Arewa da yake zaune a Kudu yana tsakiyar asibitoci, amma sau da yawa halin gida ya taho da shi a cikin jaka.

Abin mamaki, wanda ya fara buɗe wa duniya ido a kan wannan al'amari a Arewa mutumin Kudu ne. Farfesa Kelsey Harrison, ɗan garin Abonnema ta Jihar Ribas, shi ne ya jagoranci bin diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fi fitowa fili a cikin aikin shi ne, mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su ranga-ranga. Waɗanda suke zuwa awo tun farko, kaɗan ƙwarai aka rasa daga cikinsu, alhali garinsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, likitocinsu ɗaya.

Daga baya, a 1994, waɗansu masana biyu na Jami'ar Kolombiya a Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne yake kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin gwamnati ne da ma'aikatanta, kuma ya cancanci a yi ta faɗa a kansa. Amma na ɗaya da na biyu, a gidan Bahaushe, a hannun mutum ɗaya suke.

Dalili kuwa shi ne izini. Matar kirki ba ta fita sai da yardar mijinta, haka aka tarbiyyantar da ita. To, a ɗauka maigida mai gadi ne a Ikoyi, ya fita tun magariba ba zai dawo ba sai gari ya waye. Ko direban tirela ne yana hanyar Maiduguri. Ko yana kasuwar Mile 12 tun asuba ana sauke tumatir. Da ƙarfe biyun dare jini ya ɓalle wa matar. Ta kira wayarsa, ko ba caji, ko layi ya ƙi shiga. Maƙwabta suka ce a tafi asibiti, ta ce maigida ba ya nan. Likitoci sun tabbatar cewa zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Awa biyun nan kuwa, a Ikko, ko cunkoson mota kaɗai ya isa ya cinye su.

Maganin wannan bai fi magana ɗaya ba, amma tilas a yi ta tun da wuri, kuma a gaban shaidu. Maigida ya kira matarsa, ya kira matar maƙwabci da ta fi kusa da su da kuma wani amininsa, ya ce ya ba da izini, dare ko rana, yana nan ko ba ya nan, in an ga alama a tafi da ita kada a jira shi. Sa'an nan ya ware kuɗi dabam ya bar su a hannunta, ba cikin jarin kasuwa ba, ba kuma a asusun da shi kaɗai ya san lambarsa ba. Ya yi magana da wani mai mota ko mai Keke a unguwar, a rubuta lambar wayarsa a bango inda kowa zai gani. A rubuta 112 a ƙarƙashinta, lambar neman agajin gaggawa ce, a Jihar Legas kuma har da 767. Ya bi hanyar asibitin da ƙafarsa ko sau ɗaya, ya san ƙofar da ake buɗewa da dare, don sau da yawa ba ita ce ta rana ba.

RANAR AWO

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, maimakon 4 da ake cewa a da, kuma zuwan farko ya kasance cikin wata uku na fari. A nan ne kunya take yin ɓarna, don a al'ada sabon ciki ɓoye shi ake yi, ba a son a sani sai ya fito da kansa. Amma ma'aikaciyar asibiti ba maƙwabciya ba ce, ba za ta kai labari gidan biki ba.

Da yawa daga cikin maza suna zaton awo taɓa ciki ne kawai a ce lafiya lau. A'a. Ana gwada hawan jini, ana duba fitsari, ana ɗibar jini a ga ko ya yi ƙaranci, a kuma san rukuninsa saboda ranar buƙata. Ana gwajin cututtukan da uwa take iya sa wa ɗa, kamar ƙanjamau da ciwon hanta, waɗanda in an gano su da wuri akwai hanyar kare jaririn. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar tetanas, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan ciki ya wuce wata uku, sauron Kurmi kuwa kowa ya san ba shi da rani ba shi da damina. Ana ɗaukar hoton ciki a ga kwanciyar ɗa, ko tagwaye ne, ko mabiyiya ta tare hanya.

Ba a ce maigida ya rufe shagonsa duk ranar awo ba. Amma ya kamata ya je na farko, ya je wani a tsakiya, ya je na kusa da haihuwa. Dalili na fari harshe ne. Yarinyar da aka kawo daga ƙauyen Zamfara ko Jigawa, ba Yarabanci, ba Turanci, ba buroka, an zaunar da ita a benci ana ta lacca, ita sai gyaɗa kai. A tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ta sunkuyar da kai. A ba ta ƙwayoyi kala uku, ta dawo gida ba ta san wanne ne na safe ba. Maigida kuwa da ya shekara goma yana ciniki da mutanen gari, ya iya bakinsu, shi ne tafintan da ya fi kowa cancanta. Dalili na biyu, abin da mutum ya ji da kunnensa daga bakin likita ya fi shiga ransa bisa ga wanda aka kawo masa saƙo. In an ce ta rage aiki mai nauyi, ta ci ganye da wake da ƙwai da kifi, ta kwana cikin gidan sauro, wa yake cefane in ba shi ba?

Akwai masu cewa ba sa son namiji ya duba musu iyali. Kishi halal ne, amma a duba gaskiyar lamari: mafi yawan masu yin awo da karɓar haihuwa mata ne, kuma wanda ya je da kansa yana iya roƙon a haɗa matarsa da mace, sau da yawa a yi masa. In kuwa abu ya kai ga ceton rai ba likita sai namiji, malaman addini sun daɗe da bayyana hukuncin lalura. Wanda ya tsaya a gida yana kishi bai hana kome ba, sai dai ya jawo a kai ta a sume, lokacin da ba mai tambayar wa zai duba ta.

Abubuwa biyu ne suka fi sa maza gudun asibiti: sa hannu a takardar tiyata, da ba da jini. Game da tiyata, mace baliga mai hankali tana da ikon sa hannu da kanta, amma a zahiri yawancin mata ba za su yarda ba sai sun ji daga bakin miji, asibiti ma sai ka ga ana cigiyarsa. Saboda haka a tattauna tun kafin ranar. Fiɗa ba gazawar mace ba ce. Doguwar naƙuda da aka bari ta kwana ta wuni ita ce take kashe ɗa a ciki, ita ce kuma take bar wa uwa yoyon fitsari, ciwon da ya raba mata da yawa da gidajensu.

Game da jini kuma, an daɗe a asibitocin gwamnatin Jihar Legas ana neman miji ya ba da jini kafin a yi wa matarsa rajistar awo, abin da ya sa waɗansu suka ƙaurace wa awon ɗungurungum. A watan Maris na 2020 wata Babbar Kotun jihar ta yanke hukunci, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa tilasta wa mutane haka ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci daidai ne. Amma kotu tilas ta hana, ba ta ce jini ya daina amfani ba. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yakan mai da shi cikin 'yan makonni. Zancen cewa yana rage wa namiji ƙarfi ba shi da tushe. Wanda ya ba da leda ɗaya cikin natsuwa ya fi wanda zai yi ta zagaya Ikko da tsakar dare yana neman na saye.

Sai alamomin haɗari, waɗanda ya kamata kowane mai iyali ya haddace su kamar yadda ya haddace farashin kayansa. Zubar jini kowane iri ga mai ciki. Ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Zazzaɓi mai zafi. Fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba. Ɗa ya daina motsi. Naƙudar da ta wuce awa 12. Mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan ɗa ya fito. Babbar cikinsu ita ce jijjiga, wadda hawan jini yake kawowa. Mace ta sandare, ta yi ta fizge-fizge tana tauna harshe, sai a ce iska ce ta buge ta, a shiga neman hayaƙi da rubutu. Asibiti yana da allurar da take tsai da ita. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

BAYAN AN SAUKA

Da an ce mace ta sauka lafiya, sai hankalin maigida ya koma kan rago, ya fara matsa wa ma'aikata su sallame ta. A yi haƙuri. Shawarar masana ita ce mai jego ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, don a cikin wannan lokaci ne jini ya fi ɓallewa, a cikinsa ne kuma jariri ya fi shiga haɗari.

In an dawo gida sai batun wankan jego. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu take kasawa bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun da aka cika wa kanwa. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ba a ce a bar wanka ba, ruwa mai ɗumi yana sa mai jego ta ji daɗin jikinta. Amma ruwan da yake saɓule fata, a cikin zufar Ikko ko Fatakwal, azaba ce kawai. In maigida ya ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta ɗan motsa, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, to ba sanyi ne ya shige ta ba balle a ƙara wuta. Asibiti za a koma. Kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Shi yake sayen gawayin, shi yake sayen kanwar.

Haka nan batun nono. Ruwan farko mai kauri, watau dakashi, wanda a da ake matsewa a zubar ana cewa ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko na jariri, kuma ana so a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙe-jiƙe. Wannan ita ce maganar da ta fi wuya a wurin tsofaffi, kuma za su bugo waya daga gida su ce za a kashe musu jika da ƙishirwa. Yarinya ba za ta iya musu da uwar mijinta ba. Shi ɗan ne zai lallashi mahaifiyarsa cikin ladabi, ya ce Inna, likita ya ce nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Cibiya kuma a bar gasa ta da tsumma ko shafa mata man goge baki. Akwai maganin shafawa na klorheksidin da asibiti yake bayarwa, amma a kula, na cibiya ne, ba ya kusantar ido. In idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya a makon farko, shawara ce, kuma ba a wasa da ita don tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne. A kuma raba kayan jariri da ƙwallayen kafur da ake sa wa cikin akwati, don suna tayar wa waɗansu jarirai da wannan ciwo.

Saura aikin gida, inda gardama ta fi yawa. Wani zai ce shi ba mijin-ta-ce ba ne, ba za a gan shi da bokiti a bakin famfo ko yana jijjiga jariri a baranda ba. Abin dariya a nan shi ne, a garuruwan Kudu wa ya kai 'yan Arewa ga-ruwa? Wa ya kai su wanki da guga, da dafa shayi da soya ƙwai? Mutum ya wuni yana tura kurar ruwa zuwa gidajen waɗansu don kuɗi, ya dawo ya bar matarsa da ɗinki a jiki tana jan jarka. In abokai ne abin ji, a tuna cewa ya tabbata a hadisi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, yana sumbatar jikokinsa, har ya taɓa yin salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa, ta kuma sa batun yaye ya zama da yarda da shawarar su biyu. Ashe tun asali ba a cire uba daga maganar goyo ba.

Kunyar ɗan fari ma haka. A gida in uba ya ƙi ɗaukar ɗansa na fari, ya ƙi kiran sunansa, akwai kakanni da baffanni da za su cika masa gurbi har ya yi yawa. A ɗakin haya in uba ya kau da kai, yaro ya rasa rabin mutanen da yake da su a duniya.

Akwai kuma wata magana da ba a cika yi a fili ba. A da, zaman mace a gidan iyayenta da tsawon shayarwa sukan sa tazara tsakanin haihuwa da haihuwa, ana kuma yi wa mai kwanika gori. A ɗaki ɗaya wannan katanga ta faɗi. Masana lafiya suna ba da shawarar a sami shekara biyu kafin wani ciki, don jikin uwa ya murmure, na goye kuma ya sha nononsa. Wannan ba shawarar da mace za ta yanke ita kaɗai ba ce, kuma a asibitin da aka yi awo akwai sashen da ake yi wa miji da mata bayani tare.

Gwamnatoci sun fara gane cewa uba yana da aiki a makon haihuwa. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza hutun kwana 10 tun 2014, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da kwana 14 a 2021. Sai dai wannan na masu albashin gwamnati ne. Mai shayi da mai facin takalmi da ɗan dako, ranar da ba su fita ba, ba cefane. A nan ne zumunci ya kamata ya yi aikinsa. Mutanen da suke iya yin karo-karo su kai gawa gida, ko su yi adashi don Salla, ba zai gagare su riƙe wa ɗan'uwansu teburi na kwana uku ba.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun gwada wata dabara da ta cancanci a duba. Tun 2008, a yankin Damagaram, aka fara abin da ake kira Makarantar Mazaje, da taimakon Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba aji ba allo. Magidanta ne masu mutunci, waɗanda matansu suke zuwa asibiti, sukan taru sau biyu a wata su tattauna abin da yake hana matan garinsu zuwa awo, sa'an nan su bi 'yan'uwansu maza majalisa-majalisa suna jan hankalinsu. Daga baya abin ya bazu zuwa sauran yankunan ƙasar. A waɗansu jihohin Arewacin Nijeriya kuma an horar da direbobin ƙungiyar NURTW don su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Unguwannin Hausawa na Kudu suna da Sarkin Hausawa, da limamai, da shugabannin kasuwa, da direbobi ba iyaka, kuma ba a rasa Damagarawa a cikinsu da za su ba da labarin yadda ake yi. Abin da ya rage shi ne wani ya tashi bayan sallar isha'i ya buɗe zancen.

Ranar suna kuwa a yi ta bisa ƙarfi. Rago sunna ce, amma haya rumfa da kujeru da mai kiɗa ba su cikin sunna, kuma ba daidai ba ne a ce babu kuɗin hoton ciki a wata na biyar sa'an nan a sami na anko a rana ta bakwai. Kafin a raba goro, maigida ya duba ko an yi wa jaririn alluran farko, watau ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna, waɗanda ake yi tun ranar haihuwa. Za a koma a mako na 6, da na 10, da na 14, sai ta ƙyanda a wata na 9. Ya kuma je ofishin Hukumar Ƙidaya, wanda yawanci akwai teburinsa a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya karɓo takardar haihuwa. Katin allurar da takardar a sa su cikin leda a ajiye tare da takardun maigida, in za a je ganin gida kuma a tafi da katin, don ranar allura tana iya faɗowa ana can.